Kafin ka kama ɗaki a gefen jami'a a New York

Ɗan'uwa, idan ka sauka New York, galibi Bronx za a kai ka ko Harlem, inda 'yan Afirka ta Yamma suka fi yawa. Da yawanmu muna son ɗaki kusa da jami'a, saboda akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa, akwai aikin gadi da na kai abinci. Sai dai jami'a a ƙasar nan maƙwabciya ce mai kuɗi da lauyoyi, kuma kullum fili take nema. Gara ka san yadda ake yanke maganar fili tun ba ta iso ƙofarka ba.

Dubi abin da ya faru a Harlem ta Yamma. Jami'ar Columbia ta so gina sabon reshe a Manhattanville, eka 17, daga titi na 125 zuwa na 133. Garejin gyaran motoci ne a wurin, da rumbunan ajiya, da gidajen mai, da 'yan gidajen haya. Dokar tsara gari ta ware yankin ne don ƙananan masana'antu, don haka dole a sauya dokar kafin a gina dogayen benaye. Mutanen unguwa ba su manta da 1968 ba, lokacin da jami'ar ta fara gina ɗakin wasanni a lambun Morningside, ɗalibai da mazauna Harlem suka yi bore har aka fasa aikin. Wannan karon kwamitin unguwa mai lamba 9 ya ƙi amincewa a 2007. Duk da haka, a watan Disamba na shekarar majalisar birni ta sa hannu.

Waɗanda suka ƙi sayar da wurarensu, hukumar jiha ta ce yankin ya lalace, za ta karɓa don amfanin jama'a ta biya diyya. Mai rumbunan ajiya da masu gidajen mai suka kai ƙara. Sun yi nasara a 2009, amma a 2010 babbar kotun jihar ta soke hukuncin. Yau idan ka tsaya a tashar jirgin ƙasa ta titi na 125 da ke saman gada, gine-ginen gilashi ne a gabanka.

To zuwa taron kwamitin unguwa bai yi amfani ba ke nan? Ya yi. Matsin lambar mazauna ne ya sa jami'ar ta rattaba hannu a 2009 kan yarjejeniya da unguwar, ciki har da dala miliyan 76 don ayyukan jama'a da miliyan 20 don gidaje masu sauƙin haya. A ganina kuɗin bai kai abin da aka rasa ba, amma waɗanda suka zauna a kujerun taro ne suka ƙwato shi.

A gida wajen mai unguwa ake kai irin wannan magana. A nan kwamiti ne, suna kiransa Community Board, guda 59 ne a birnin. Shawara kawai yake bayarwa, amma duk neman sauya dokar fili sai ya bi ta gabansa, ana ba shi kwana 60, kafin shugaban gunduma, da hukumar tsara birni, da majalisa. Ƙofa a buɗe take. Za ka tarar da takarda a bakin ƙofa, ka rubuta sunanka, a kira ka, a ba ka minti biyu ko uku ka yi magana. Ka je da wanda ya fi ka Turanci. Idan masallacinku shago ne kuka kama haya, ku naɗa mutum ɗaya mai zuwa kowane wata, domin irin waɗannan shagunan ne ake fara saye.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke zama a ɗaki babu sunanmu a takardar haya. Ranar da aka sayar da gidan, wanda sunansa ke takarda shi ake tambaya. Ka nemi sanin ko gidan yana ƙarƙashin dokar taƙaita ƙarin haya, wadda suke cewa rent stabilized. Idan haka ne, kana da haƙƙin sabunta yarjejeniya, kuma hukuma ce ke yanke iyakar ƙarin kowace shekara. Idan mai gida ya zo da kuɗi yana cewa ka karɓa ka tashi, kada ka sa hannu sai lauya ya duba. Wanda ya yi kwana 30 a gida, ba a canza masa makulli ko a fitar da kayansa sai da umarnin kotu, kuma tun 2017 birnin yana ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta a shari'ar kora.

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai araha kuwa, ka tambaya ko hukuma ta yarda a kwana a ciki. A ambaliyar Ida ta Satumba 2021, mutum 11 suka rasu a irin waɗannan ɗakuna, Allah ya ji ƙansu. Ka kira 311, lambar wayar hukumomin birni, ka tambaya, su ne kuma za su faɗa maka lambar kwamitin unguwarku da ranar zamansa.