Yadda nake koyar da 'yan aji biyu da gwangwanin wake in bazara ta shigo

Duk malamin da ya taɓa riƙe 'yan aji ɗaya ko aji biyu a watan Afrilu ya san abun da nake nufi. Sha ɗaya na yi kwano ya ɗau zafi, yara sun fara gyangyaɗi, wannan yace malama ruwa wancan yace malama fitsari, ke kanki gumi ya gama jiƙa miki hijabi. Nan Kano zafin yakan kai 40 har ya wuce, to wane yaro ne zai zauna yana binki da ba be bi bo bu a haka?

Ni dai na daina kokawa da bazara. Duk wani karatu mai nauyi nakan gama shi da sassafe kafin a fita tara, in an dawo kuma sai mu koma kan gwangwanayenmu da muke shuka wake a ciki, kuma wallahi gwangwanin nan ɗaya shi ke ɗauke min lissafi da Hausa da kimiyya na kusan wata guda.

Kayan ba na kuɗi bane. Kowane yaro ya zo da gwangwanin madara ko na tumatir daga gida, wanda bai samu ba ledar fiya wata ma ta isa in aka yanke bakin. Ke za ki huda gindin da ƙusa wuri uku ko huɗu, kar ki bar musu wannan aikin, kuma ki duba bakin gwangwanin ki danne shi da dutse dan yana yanka hannu. Ƙasa kuma a haɗa jigawa da ɗan busasshen kashin awaki, busasshe fa, ɗanye ƙona tsiron yake.

Wajen zaɓen wake ne darasin farko yake. Ki zuba musu gwangwani ɗaya a faifai su tsince, mai huji gefe, lafiyayye gefe, su ƙirga kowane kashi su faɗi wanne yafi yawa. Mai hujin nan ƙwaro ya cinye cikinsa, da wuya ya fito. Shekarar farko ban san haka ba, na ɗebo ragowar waken gida muka shuka, rabin aji babu abun da ya tsiro, wata yarinya har da kukanta wai nata ya ƙi ta. Waken kasuwa kuma wani ana sa masa maganin ƙwari, dan haka kowa ya wanke hannu bayan an gama, kuma ki sa ido sosai saboda akwai mai jefawa baki, akwai ma mai turawa a hanci.

A jiƙa waken ya kwana a ruwa. Washegari kowa ya tura ɗan yatsa cikin ƙasa iya gaɓa ɗaya ko ɗaya da rabi, ya saka ƙwaya uku ya rufe, ruwa murfin roba biyar zuwa shida ya isa. Sunan yaro a jikin gwangwani, shi zai rubuta da hannunsa ko da a karkace ne.

Inda za a ajiye shi ne matsalar bazara. Kar ki jera su a taga inda ranar azahar ke duka, ƙarfe ne, zai ɗau zafi ya dafa saiwar. Wurin da ke samun hantsi sannan inuwa ta rufe shi yafi. Kuma in makarantarku ba katanga dan Allah ki shigo da su aji ranar Juma'a ki rufe, mu awakin unguwa sun taɓa yi mana ƙarƙaf a Asabar ɗaya, Litinin muka tarar da gwangwanaye zalla.

Kwana uku zuwa biyar za ki ga ya fasa ƙasa, ya fito a lanƙwashe ɗauke da ɓarin waken guda biyu a kansa. Ranar ajin ba ya zaunuwa, ki barsu su yi ihunsu. Daga nan kullum kowa ya tsaya da tsinken tsintsiya a gefen tsironsa ya karya daidai tsayinsa, ranar Juma'a a jera tsinkayen a kan benci daga gajere zuwa dogo. Ba sai kin yi dogon bayani ba, da idonsu suke ganin girman. 'Yan aji biyu kina iya basu rula su faɗa da santimita. Ganyen farko biyu ne, na bayansu kuma uku uku suke fitowa, to ga ƙirgen 3, 6, 9 ya zo har gida. Ki shuka masara a gwangwani ɗaya a gefe su ga ita da ganye ɗaya take fitowa kamar allura.

Karatun Hausa kuwa kalmomin duk gaɓa biyu ne, wa-ke, ru-wa, ra-na, ta-ki, ge-ro, da-wa. A nan nake kama masu rikita k da ƙ, in rubuta kasa in rubuta ƙasa ince a cikin wacce muka shuka, wacce ce kuma maciji. Tunda na kawo zancen maciji ba wanda ya ƙara manta lanƙwasar.

Nakan ware gwangwani biyu nawa na kaina. Ɗaya in kulle a kabad ina ba shi ruwa, ɗaya a waje amma ba ruwa. Kafin in buɗe kabad ɗin bayan sati sai kowa ya faɗi abun da yake zato, yawanci cewa suke ya mutu, sai su ga ya ma fi nasu tsayi amma siriri rawaya kamar mara lafiya. Ki tambaye su dalili ki yi shiru. 'Ya'yan manoma sukan riga ki amsa, wani yaro ne ma ya gaya min babansa gero da wake yake haɗawa a gona ɗaya saboda waken na gyara ƙasa, kuma gaskiyarsa ne. In an kai sati uku zuwa huɗu ki tuge guda ɗaya a hankali ki wanke saiwar, sau da yawa za ki ga wasu 'yan ƙulle ƙulle a jiki, a cikinsu ne ake haɗa sinadarin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Sauran kuma kowa ya tafi da nasa gida ya dasa a tsakar gida ko bayan ɗaki in ruwan farko ya sauka, sai dai ki gaya musu su ciro shi da ƙasarsa gaba ɗaya, wake baya son a taɓa masa saiwa.