Gudu bayan Asuba: yadda nake tsara atisaye a zafin Sakkwato

Ina horar da yara ƙwallo a wani fili da ke kusa da filin wasa na Giginya, kuma doka ta farko a wurina ita ce gudu mai tsanani bayan sallar Asuba ake yinsa. Iyaye suna ɗauka zafin rana kaɗai nake gudu. Akwai shi, amma akwai kuma iskar ozon.

Wadda ke can sararin sama kariya ce daga zafin hasken rana. Ta nan ƙasa ce ke cutarwa. Ba daga salansa take fitowa kai tsaye ba. Hayaƙin kabu-kabu da motoci da janareta, da tururin fetur irin na 'yan bumburutu, su ne rana ke dafawa har su zama ozon. Shi ya sa take ƙaruwa tun daga hantsi, ta kai ƙololuwa tsakanin Azahar da La'asar, musamman a bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce kada ta wuce maikurogiram 100 a kowace mita kubik a tsawon awa 8.

Mai gudu ya fi mai zaune shaƙarta, domin yana jan numfashi da yawa, kuma ta baki, har cikin huhu.

To, ga yadda nake yi. Zagayen fili da tsere duk da sassafe. In dole sai da yamma, mu jira bayan La'asar sosai, mu rage tsawon lokaci, mu tsaya kan bugun fasin da miƙe jiki. Ba ma gudu a bakin babban titi, ko da safe ne, saboda hayaƙin motoci kansa wata matsala ce.

Takunkumi kuwa, kada ka yaudari kanka. Yana taimakawa da ƙurar hunturu, amma ozon iska ce, ratsa shi take yi.

Abin da nake sa wa ido shi ne yaron da ya tsaya ya dafa gwiwa yana busasshen tari, ko ya ce maƙogwaro na masa kaikayi, ko ƙirji na zafi in ya ja dogon numfashi. Nan take nake cewa, "Kai yaro, koma inuwa." Mai asma ba ya shiga fili sai na ga abin shaƙarsa a aljihu. In numfashi ya ci gaba da yin fito bayan ya huta, asibiti za a kai shi ranar.