Yadda Za a Tantance Kuɗin da Aka Kashe Kafin a Cire Shi Daga Lissafin Haraji

A mafi yawan ƙasashe, harajin kasuwanci a kan riba ake ɗora shi, wato abin da ya saura bayan an cire kuɗin da aka kashe wajen gudanar da sana'a. Saboda haka ne kowane rasit yake rage abin da za a biya, kuma saboda haka ne mutane da dama suke cusa wa littafinsu abubuwan da su kansu ba su natsu da su ba, kamar tafiyar da rabinta hutu ne, ko motar da iyali suka fi kowa shiga, ko albashin ɗan'uwan da ba a taɓa ganinsa a wurin aiki ba.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne lissafin abin da za a samu da abin da za a iya rasawa, domin mutane sukan ɗauka cewa duk kuɗin da suka rubuta zai dawo musu. Ba haka ba ne. Idan harajin mutum kashi 20 cikin ɗari ne, ya ƙara wani kashin kuɗi na 1,000 a littafinsa, abin da ya tsira da shi 200 ne kacal. Idan kuwa hukumar haraji ta ƙi amincewa, zai biya wannan 200 ɗin, ya biya kuɗin ruwa tun daga ranar da ya kamata ya biya, sannan tara ta biyo baya. A Amurka, hukumar haraji ta IRS tana ɗora tarar kashi 20 cikin ɗari na harajin da aka gaza biya idan sakaci ne, da kashi 75 idan ta tabbatar da zamba. A Birtaniya, hukumar haraji ta HMRC tana iya ɗora har kashi 30 a kan sakaci, kashi 70 a kan ganganci, da kashi 100 idan an yi gangancin kuma an ɓoye shi. A ganina ma tarar ba ita ce babbar asara ba. Da zarar mai bincike ya ci karo da rasit ɗaya na bogi, sai ya daina gaskata sauran, ya nemi a kawo masa littattafan shekarun baya, a shafe watanni ana kai da kawo ana biyan akanta da lauya.

Daga nan sai a auna kowane kashi da ma'aunin da doka ta ajiye. Kalmomin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma manufarsu kusan ɗaya ce. Dokar Amurka tana neman kashin ya kasance abin da aka saba yi a irin wannan sana'a kuma ana buƙatarsa, ta Birtaniya kuwa tana neman an kashe kuɗin gaba ɗayansa domin kasuwancin kaɗai. Tambayar da za ta taimaka ita ce: da a ce babu wannan sana'ar, da zan kashe kuɗin nan? Idan amsar ita ce e, to akwai alamar abin na kashin kai ne, ko da yana amfanar aikin.

Shari'ar wata lauya mai suna Ann Mallalieu ta nuna tsananin wannan ma'auni. Ƙa'idar kotu ta tilasta mata sanya baƙaƙen tufafi, irin waɗanda ta ce ba za ta saya ba in ba don aikin ba, sai ta nemi a cire kuɗinsu daga ribarta. A 1983 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokacin ta ƙi, bisa hujjar cewa tufafin suna kuma suturta ta da kare ta daga sanyi, buƙatar da kowane ɗan Adam yake da ita ko yana aiki ko ba ya yi. Ba a zarge ta da ƙarya ba, manufa biyu ce kawai ta haɗu a abu ɗaya. Wannan ne ya sa kayan aiki na musamman, irin su hular kwano da takalmin kariya, suke wucewa, kwat da agogo kuwa ba sa wucewa.

Mafi yawan rikici yana tasowa ne a kan abubuwan da gida da kasuwanci suke tarayya a kansu: mota, wayar salula, intanet, wutar lantarki, da ɗakin da aka mayar ofis. Hanya mafi aminci ita ce a raba kuɗin bisa wani ma'auni da za a iya nunawa, a kuma riƙe ma'aunin nan kowace shekara. Ga mota, a ajiye ɗan littafi ana rubuta kwanan wata, inda aka je, dalilin zuwan da nisan tafiyar, a ranar da aka yi ta. Ga ɗaki, a auna girmansa a kwatanta da girman gidan. Wanda ya rubuta cewa motarsa tilo ta kasuwanci ce ɗari bisa ɗari ya gayyato tambayar da ba zai iya amsawa ba. A kuma tuna cewa zirga-zirgar yau da kullum tsakanin gida da wurin aiki na dindindin ba ta cikin tafiyar kasuwanci a Amurka da Birtaniya.

Akwai kuma abubuwan da doka ta hana kai tsaye ko da kasuwanci aka yi dominsu. Tarar da hukuma ta ci mutum da cin hancin da ya bayar ba sa shiga lissafi. Liyafar da ake yi wa abokan ciniki ba a cire ta a Birtaniya, a Amurka ma an daina cire kuɗin nishaɗantar da su tun daga 2018, abincin da aka ci a zaman kasuwanci kuwa rabinsa ake cirewa. Manyan kadarori kamar inji ko gini suna da nasu tsarin daban, domin sau da yawa a hankali ake cire kuɗinsu cikin shekaru. Ɗaukar mata ko miji ko ɗa aiki halal ne, muddin suna yin aikin da gaske kuma albashin ya yi daidai da wanda za a ba bare.

Kashin da ya halatta ma yana iya faɗuwa idan babu shaida, domin a al'ada mai biyan haraji ne zai tabbatar da abin da ya rubuta. A buɗe wa kasuwanci asusun banki nasa na kansa, a daina biyan buƙatun gida daga cikinsa. A ɗauki hoton kowane rasit tun kafin rubutunsa ya goge, a rubuta dalilin kashin da sunan wanda aka gana da shi. A kuma adana takardun na tsawon lokaci, domin IRS tana da shekara 3 ta sake duba bayanin haraji, shekara 6 idan an ɓoye fiye da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shiga, kuma babu iyaka idan zamba ce. HMRC kuwa tana iya komawa baya shekara 4, ko 6 a kan sakaci, ko 20 a kan ganganci.

Tsakanin kuskuren fahimta da zamba akwai iyaka, kuma ana tsallake ta ne a ranar da aka canza abin da takarda ta faɗa. Attajirar otal-otal ta birnin New York, Leona Helmsley, ta gyara katafaren gidanta na jihar Connecticut, aka rubuta takardun kuɗin kamar aikin kamfanoninta ne. 'Yan kwangilar da suka yi rigima da ita kan kuɗinsu ne suka fito da takardun, kuma a 1989 kotu ta same ta da laifi, aka yanke mata ɗaurin shekara huɗu. Rasit na bogi kullum akwai mutum na biyu da ya san da shi.

Idan shakka ta ƙi gushewa a kan wani kashi, a tambayi ƙwararren akanta a kuma nemi ya ba da amsarsa a rubuce, tare da sanin cewa wanda ya sa hannu a takardar haraji shi doka za ta fara nema. Akantan da yake alkawarin rage haraji tun bai ga littattafai ba, a nisance shi. Wanda kuma ya gano cewa ya riga ya cire abin da bai kamata ba, ya hanzarta gyarawa kafin a aiko masa da takardar bincike. A Amurka ana yin haka da fom 1040-X, a Birtaniya kuwa mai sana'ar kansa yana da wata 12 bayan 31 ga Janairu, wa'adin miƙa bayanin haraji, ya gyara bayaninsa, kuma idan kuskuren na sakaci ne kuma shi ya kai kansa, ana iya yafe masa tarar gaba ɗaya, ya biya harajin da kuɗin ruwa kawai.