Yadda mai doguwar jinya a Legas zai riƙe sallarsa

Abin da ke fara kassara imanin mai ciwon ƙoda ko shanyewar jiki shi ne barin salla don ganin ba shi da tsarki. Ɗan'uwa, kada ka bari.

Idan ruwa na cutar da kai, ajiye dutse mai tsabta kusa da gado don taimama: dafa shi, shafi fuska da hannuwa. Tsayuwa ta gagara, zauna. Zama ya gagara, kwanta gefen dama ka yi nuni. Robar fitsari ba ta hana salla.

Wankin ƙoda a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, kan ɗauki awa 4, ga cunkoson hanya. Haɗa Azahar da La'asar. Azumi kuwa, in likita ya hana har abada, ciyar da miskini mudun Annabi 1 a madadin kowace ranar azumi.