Yadda na raba wakenmu da ƙwari ba tare da magani ba

Da kaka nake sayen wake, lokacin da yake araha, don kada tsadar damina ta same mu hannu rabbana. Amma kafin bazara sai buhun ya fara ɗumi, wake duk huji, gari a ƙasa. Ƙwaron tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa manne a jikin waken.

Ƙwayar gas da ake jefawa a buhu kam na ƙi ta. Guba ce, ga yara suna kwana kusa da ɗakin ajiya.

Sai na shimfiɗa baƙar leda da tsakar rana, na baza waken ba kauri, na rufe da leda mai haske na naɗe gefuna. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwai da tsutsa. Da ya huce na ciji ƙwaya ɗaya, ta fashe ƙaras, alamar ya bushe ke nan.

Daga nan na ɗura shi a jarkoki masu lita 25, wankakku busassu, waɗanda ba su taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba. Na cika har baki ina jijjigawa, na sa leda a bakin, na murɗa murfi tam. Ƙwaron da ya tsira zai shaƙe 'yar iskar da ta rage ya mutu. Dabarar buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka ke nan, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, sai dai ɓera yana huda buhu, jarka kuwa ta fi masa wuya.

Na ware wake na cin yau da kullum daban, don yawan buɗe jarka shi ke mayar da iska ciki.