Yadda Ake Gina Wasan Harbin Dodannin Sama a Burauza Wanda Zai Riƙe Mai Wasa

Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito na Japan a 1978, allonsa ɗigo (pixel) 224 ne a faɗi, 256 a tsaye, fari da baƙi, igwa ɗaya a ƙasa tana zuwa hagu da dama tana harbin dodannin da ke saukowa daga sama. Duk da haka mutane sun yi ta zuba masa tsabar yen 100 ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau wanda ya buɗe irinsa a burauza yakan ce "bari in ƙara ɗaya kawai" har cajin wayarsa ya ƙare. Abin da ke riƙe mutum a wasan nan lissafi ne: yawan dodanni, saurinsu, yawan harsashin da aka ba ka, da tsawon lokacin da ke tsakanin mutuwa da sake farawa. In waɗannan lambobi suka zauna daidai, wasan zai kama mutum ko da zanenka murabba'ai ne kawai. Kayan aikin ba su da yawa: fayil ɗaya na HTML mai ɗauke da canvas, wato filin da ake zane a kai a shafin, da JavaScript kaɗan.

Allo da agogon wasa

Ka sa canvas ɗinka a 224 da 256 ɗin nan, sannan ka faɗaɗa shi ninki 2 ko 3 cif, ba ninki biyu da rabi ba, domin rabin ɗigo shi ke sa zane ya yi dishi-dishi. A CSS ka sa image-rendering ya zama pixelated, gefunan zanen su fito da kaifinsu. Dodannin kuma ka zana naka, ka raɗa wa wasan sunanka; suna da siffofin Space Invaders mallakar Taito ne.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan wasa yana wajen agogo. Mai koyo yakan rubuta cewa duk sanda requestAnimationFrame, wato umarnin da burauza ke kiran wasan da shi kafin kowane sabunta allo, ya kira shi, harsashi ya matsa ɗigo 4. A kwamfutarsa mai sabunta allo sau 60 a sakan komai lafiya lau. Da an buɗe wasan a waya mai sabunta allo sau 90 ko 120, sai komai ya yi gudun ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, mai wasa ya mutu bai san hawa ba bai san sauka ba. Maganin shi ne ka raba zane da lissafi. Ka riƙa tara lokacin da ya wuce tun kiran baya a wani ma'aji. Duk sanda ya kai kashi ɗaya cikin 60 na sakan, ka gudanar da taku ɗaya na wasan, ka cire wannan adadi, ka maimaita har abin da ya rage bai kai taku ba, sannan ka zana allo sau ɗaya.

Wannan tsari yana toshe wata ɓaraka ta biyu. Tsayin dodo ɗigo 8 ne. In kana ninka saurin harsashi da lokacin da ya wuce, to ranar da waya ta ɗan cije, harsashin zai yi tsallen ɗigo 20 a tashi ɗaya, ya ƙetare dodon bai taɓa shi ba. Mai wasa ya gani da idonsa ya saita daidai, wasan ya ce bai samu ba. Babu abin da ke sa mutum ya rufe shafi kamar wannan. Da taku mai tsayayyen tsawo, harsashi ba ya wuce ɗigo 4, don haka ba zai taɓa tsallake abu mai ɗigo 8 ba.

Saura abu ɗaya: burauza tana dakatar da requestAnimationFrame idan aka bar shafin. Kiran waya ya shigo, ko an kira salla mutum ya ajiye wayar, ya dawo bayan minti goma; ma'ajin lokacinka ya tara taku 36,000, wasan ya zuba su gaba ɗaya, dodanni sun riga sun sauka. Ka ƙayyade abin da za a tara a kira ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na sakan, kuma ka saurari visibilitychange, saƙon da burauza ke bayarwa in an bar shafin ko an dawo, ka tsayar da wasan da kanka har sai mai shi ya taɓa allo.

Rundunar dodanni, inda zuciyar wasan take

Jera dodanni 55: layi 5, kowane layi 11, tazarar ɗigo 16 tsakanin kowane biyu. Layi biyu na ƙasa maki 10 kowane dodo, biyu na tsakiya 20, na sama 30. A wasan asali na sama su ne mafi ƙanƙanta, faɗinsu ɗigo 8, na tsakiya 11, na ƙasa 12. Ka riƙe wannan tsari, domin mai tsada shi ne mai wuyar samu.

Yanzu ga dabarar da ta fi kowace muhimmanci. Kada ka motsa rundunar gaba ɗaya a taku ɗaya. Ka motsa dodo ɗaya tak a kowane taku, ɗigo 2, sannan na kusa da shi a taku na gaba, kana tsallake waɗanda suka mutu. Haka injin 1978 yake yi, saboda ƙwaƙwalwarsa, Intel 8080, ba ta da ƙarfin zana su duka lokaci guda. Nishikado ya lura cewa suna ƙara sauri yayin da suke raguwa, ya bar abin a haka. Duba lissafin: da dodanni 55, rundunar tana buƙatar taku 55, kusan sakan guda, kafin ta matsa ɗigo 2. In sun rage 27 saurin ya ninka. In sun rage 5, ya ninka sau 11. Na ƙarshe yana motsi a kowane taku, ya ratsa allo cikin ƙasa da sakan biyu, kuma a wasan asali yana yin ɗigo 2 in ya nufi hagu, 3 in ya nufi dama, abin da ke rikita saitin hannu.

Ma'anar wannan ita ce kowane harbi mai kyau da mutum ya yi, shi ke ƙara masa wahala. Ba wani agogo ne daga waje ke matsa masa ba, nasararsa ce. Shi ya sa in ya mutu saura dodo ɗaya, ba ya jin an zalunce shi, yana jin saura ƙiris, kuma "saura ƙiris" ɗin nan shi ke mayar da yatsa kan maɓalli. Mai gina wasa da ya maye gurbin wannan da "kowane sakan 20 a ƙara sauri" ya zubar da mafi darajar abin da ke hannunsa.

In wani dodo ya taɓa gefen allo, rundunar ta sauko ɗigo 8 ta juya. Matsalar da ake yawan gani a nan ita ce rundunar ta manne a gefe tana gangarowa kamar an sake ta daga bene. Dalili shi ne ana duba gefen bayan motsin kowane dodo, sai a juya sau da yawa a jere. Ka ɗaga tuta kawai idan wani ya taɓa gefe, ka jira zagayen ya kammala kan duk masu rai, sannan ka juya sau ɗaya. In suka iso layin igwa wasa ya ƙare ko da saura rai uku. Kowane sabon zagaye kuma rundunar ta fara daga ƙasa kaɗan da inda ta fara a baya.

Harsashi ɗaya

Kada mai wasa ya iya sake harbi sai harsashinsa ya sami wani abu ko ya fice ta sama. Da yawa suna ganin wannan rowa ce, sai su bari a yi ta feshi. Da ka yi haka saiti ya tashi daga aiki, mutum ya danne maɓalli yana kaiwa da komowa, cikin minti biyu ya gaji. Da harsashi ɗaya, kuskure yana da farashi: a ɗigo 4 kowane taku, harsashin da ya kuskure yana cin kusan sakan guda kafin ya fice, kai kuwa hannunka a ɗaure. Kuma dodanni na kusantowa harbinka na ƙara sauri, tunda tafiyar ta gajarta, sai haɗari da riba su taru wuri guda. In kana son wasa mai ɗan zafi, ka bi Galaga na kamfanin Namco, na 1981, wanda ya ba da harsashi biyu a allo. Kada ka wuce nan.

Su ma dodannin ka ƙayyade musu: harsashi uku a allo, ba ƙari. Ɗaya ya fito daga layin tsaye da ke saitin igwa, sauran daga wasu layukan tsaye, kuma kullum daga dodon da ya fi ƙasa a layinsa. Na saitin yana hana mutum tsayawa wuri ɗaya, sauran suna hana shi gudu ido rufe. Akwatin da kake auna karo da shi a jikin igwa ka rage shi ɗigo ɗaya ko biyu ta kowane gefe. Harsashi ya shafi gefenta ya wuce, mai wasa ya ji ya sha da ƙyar, kuma wannan jin yana da daɗi.

Garkuwa huɗu a gaban igwa, kowace ɗigo 22 da 16. Ka ajiye kowace a matsayin jerin lambobi 1 da 0, inda harsashi ya faɗa ka goge 'yan ɗigogin da ke kewaye ba bisa tsari ba, ta riƙa zaizayewa kamar katangar laka da damina. Harsashin mai wasa ma ya ci ta. Kada ka riƙa karanta launin ɗigo daga canvas da getImageData a kowane taku. A ƙaramar waya nan da nan wasan zai fara cijewa.

Jirgin nan mai kama da faifai da ke gilmawa ta sama, ka fito da shi kusan kowane sakan 25, makinsa tsakanin 50 da 300. A wasan asali makin ba caca ba ne, yana bin yawan harbin da aka yi: harbi na 23 yana ba da 300, sannan kowane na 15 bayansa. 'Yan wasa sun gano haka suka koma ƙirga harsashi. Ka ɓoye irin wannan ƙa'ida guda ɗaya a naka wasan, domin wanda ya ƙware ya sami abin nema bayan ya iya share allo. Rai uku a farko, ƙarin ɗaya a maki 1,500.

Sauti da hannu

Sauti huɗu masu saukowa, suna maimaituwa kamar bugun zuciya, kowane ɗaya a ƙarshen zagayen motsin runduna. Tunda zagayen na gajarta, bugun zai yi sauri da kansa ba tare da ka rubuta komai ba. Oscillator na Web Audio, wato mai ƙirƙirar sauti a cikin burauza, mai siffar square ya isa, ba sai ka loda fayil ba. Abu biyu ke ɓata shi. Burauza ba ta barin sauti ya tashi sai mutum ya taɓa shafin, don haka ka kira resume a kan AudioContext lokacin da aka danna "Fara". Sannan lasifikar waya ba ta fitar da sauti mai zurfi sosai. Abin da ke girgiza kunne a belun kunne zai ɓace a waya. Ka ɗaga sautukan zuwa tsakanin 110 da 160 Hz ka saurara a wayar kanta.

A kwamfuta kada ka motsa igwa a cikin keydown, wato saƙon da ke zuwa in an danna maɓalli. In aka danne maɓalli, na'ura tana aiko saƙo ɗaya, ta ɗan yi shiru, sannan ta fara maimaitawa, sai igwar ta yi taku ɗaya ta tsaya kafin ta tafi. Ka rubuta "an danne" a keydown, "an saki" a keyup, takun wasa ya duba ya matsa ɗigo ɗaya. Ka kira preventDefault a kan kibiyoyi da dogon maɓallin tazara, in ba haka ba shafin zai riƙa gangarawa duk harbi. In taga ta rasa hankalin mai amfani, wato blur, ka goge duk maɓallan, don kada igwa ta ci gaba da tafiya ita kaɗai.

A waya, wadda ita ce a hannun yawancin masu karanta wannan, ka ware fili a ƙarƙashin allon wasan: hagu da dama ga babban yatsan hagu, harbi ga na dama, kuma lallai su yi aiki tare. Ka sa touch-action ya zama none a wurin, don kada taɓawar ta gangarar da shafin ko ta faɗaɗa shi. In ka sa mutum ya ja igwar da yatsa, yatsan zai rufe harsashin da ke zuwa kansa. Gwajin gaskiya a tsohuwar Android mai ƙaramar ƙwaƙwalwa ake yinsa, kuma tunda babu hoto babu fayil ɗin sauti, duk wasan 'yan kilobait ne, ba zai ci wa kowa data ba.

Tsakanin mutuwa da sake farawa

In igwa ta fashe, ka share harsasan dodanni, ka dakata kamar sakan ɗaya, sannan ka dawo da ita. Wanda ya farfaɗo ya tarar da harsashi a kansa ya rasa rai biyu a kuskure ɗaya, kuma zai ɗora laifin a kanka.

In wasa ya ƙare, ka nuna makinsa da maki mafi girma kusa da juna, har da tazarar da ke tsakani. Taɓawa ɗaya ta mayar da shi fagen cikin ƙasa da sakan guda, babu talla, babu komawa shafin farko. Amma ka kulle maɓallin na rabin sakan, domin yatsan da ke kan harbi zai sake farawa kafin ido ya ga makin. Ka adana maki a localStorage, wato ma'ajiyar burauza da ba ta gogewa in an rufe shafi, ka kuma ƙara jerin goma na sama da haruffa uku na suna, kamar yadda Asteroids na Atari ya yi a 1979. Waya ɗaya a gida ko a majalisa sai ta zama fagen gasa. A kula: localStorage rubutu yake ajiyewa, kuma sort, umarnin JavaScript na jerawa, in ba a ba shi ƙa'ida ba yana jera lambobi kamar kalmomi, sai 900 ta zauna a matsayin wadda ta fi 1500. Ka mayar da su lambobi, ka ba shi ƙa'idar kwatantawa.

Daga nan ka miƙa wa wani wayar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka zuba ido a kan yatsunsa. In ya mutu cikin sakan 20, rage yawan harbin dodanni a zagayen farko. In ya share zagaye uku a gwajinsa na farko, sauko da inda rundunar ke farawa da ɗigo 8. Lamba ɗaya za ka canja a kowane gwaji, ka rubuta tsohuwar a gefe kafin ka taɓa ta.