Yadda zaka yi doguwar tafiya da motar lantarki daga Kaduna ba tare da batir ya yashe ka a hanya ba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka fara waiwayar motar lantarki da gaske, kuma tambayar kowa ɗaya ce: toh a cikin gari mun ji, amma zata kai ni Abuja ko Kano? Zata kai ka, wallahi zata kai, sai dai fa tafiyar tun a gida ake gama lissafinta kafin a kama sitiyari, don babu gidan mai da zai cece ka a Katari in lissafin ya kuskure.

Fara da sanin batirinka. Abin da ake auna shi da shi, shi ne dai yunit ɗin nan da kake saye a mitar gidanka, ba wani sabon abu bane. Hyundai Kona ɗin da aka haɗa a Legas tana ɗaukar yunit 64, BYD Atto 3 kuma kusan 60. Kamfani zai rubuta maka kilomita 400 da wani abu, kar ka ɗora tafiyarka a kan wannan lambar, an auna ta ne a yanayi mai sauƙi, ba da esi a kunne da iyali da buhun shinkafa a but ba. A babban titi ka ƙaddara motar na cin yunit 17 zuwa 20 a duk kilomita 100. Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 190 ne, kenan wajen yunit 35, zaka isa da saura mai kauri. Kano kusan 230, ita ma zaka isa. Amma zuwa da dawowa a caji ɗaya, a'a, cire wannan a ranka.

Shi yasa babban aikin shi ne inda zaka yi caji a can, kuma ka tabbatar da shi tun kana Kaduna. In wurin caji na kuɗi ne, ka kira su a waya a ranar ka ji yana aiki, kar ka dogara da abin da ka gani a taswirar waya, sannan ka tambayi irin bakin cajar. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. Motar da aka shigo da ita kai tsaye daga kasuwar Chaina bakinta GB/T ne, ta Turai Type 2 da CCS2, ta Amurka kuma wani daban, kuma ba sa shiga juna sai da adafta, adaftar caji mai sauri kuwa tsada gareta. In gidan ɗan'uwa zaka sauka ko otal, ka san soket ɗin bango na yau da kullum yunit biyu da ɗan wani abu yake baka a awa, wato cika batir mai yunit 60 zai haura kwana guda cur, in ma wutar bata ɗauke ba kenan. Cajar bango mai kilowat 7 tana gamawa a dare ɗaya, kamar awa tara. Ka tambayi mai gidan ko unguwarsu Band A ce, wato rukunin da aka fi ba wuta kuma yunit ɗinsa ya fi tsada, ka kuma biya shi yunit ɗinsa, don a farashin da ya haura naira 200 kuɗin yana da ɗan auki duk da bai kama ƙafar kuɗin fetur ba. Don Allah kar ka jona ta da doguwar wayar ekstenshan ta kasuwa, zafi take ɗauka har ta narke. Ƙaramin janareta ma ba zai ja ba, babban ma in ba'a haɗa masa wayar ƙasa da kyau ba motar sai ta ƙi karɓa.

Daren tafiya ka cika ta ɗari bisa ɗari, da safe ka kunna esi tun tana jone da wuta ta huce kafin ka zare. Ka duba iskar tayoyi, kuma ka leƙa but da idonka, da yawansu ba sa zuwa da safaya sai ɗan famfo da ruwan liƙi, wanda ba abin da zai yi wa tayar da rami ya yage ta gefe. Sayi safaya da jak.

A hanya gudu ne ke cinye batir fiye da komai, ya fi esi nesa ba kusa ba. Tsakanin 100 da 130 bambancin da zaka gani a allo sai ya baka tsoro, saboda iskar da motar ke turewa ƙaruwa take ninki ba ninki. Ka tsaya a 90 zuwa 100, dama 100 ne iyakar ƙananan motoci a babban titi. Idonka na kan kason batir, ba kan kilomitar da motar ke hasashe ba. Ni shawarata ka tsara isa da aƙalla kashi 20, don hanyar Abuja kowa ya san halinta, tirela ɗaya ta faɗi a Tafa sai a kwashe awanni, ko a karkatar da ku wata hanya. Tsayuwa a cunkoso bata cin batir sosai, zagaye ne ke ci. In Jos ka nufa ka ƙara wa lissafin, hawa ne, garin ya fi Kaduna tudu da kusan mita 600, a dawowa ne gangara zata mayar maka da wani abu.

Sai maganar na'urar taimakon direba, kuma nan nake so a saurare ni da kyau. Ko Autopilot ake ce mata ko wane suna, abu biyu take yi: tana riƙe maka gudu da tazara tsakaninka da na gaba, tana kuma ɗan juya sitiyari ta tsayar da kai tsakanin layuka. Ɗan rakiya ce kawai, kai ne direba. Inda kwalta take sabuwa da farin fenti raɗau, da rana tsaka, hanya ba cunkoso, kunna ta, ƙafarka zata huta kuma zaka isa ba gajiya sosai. Ka sa tazarar a mafi nisa, hannunka biyu a sitiyari.

Amma ka san abin da bata gani. Bata san rami ba, zata shiga da kai a guje. Bata san an haɗe hannu biyu a hannu ɗaya saboda aikin titi ba, tsohon fenti na iya janta wajen durom ɗin da aka jera. Motar da ta lalace aka barta tsaye a kan titi da ganye a bayanta, irin wannan na'urorin sun sha kasa ganewa da wuri in ana gudu, kuma littafin motar da kansa ya faɗi haka. Ga ɗan acaba da ya biyo hannun da ba nasa ba, ga shanu na tsallakawa, ga shingen jami'an tsaro da itace da tayoyi. Da ka hango gari, Rigachikun ne ko Jaji ko Kwangila a Zariya ko Kwanar Dangora, taɓa birki ka kashe ta tun daga nesa ka karɓi motarka. Wani lokacin kuma ita da kanta zata taka birki ba dalili, inuwar gada kawai ta gani, ga tanka a bayanka, shi yasa ƙafar dama bata yin nisa da totur.

Lokacin hazo ƙura na rufe kyamarar da ke saman gilashin gaba bayan madubi, da na'urar da ke hancin motar. Ka riƙe tsumma mai laushi da gorar ruwa, duk inda ka tsaya sallah ka goge su. In hazon ya yi kauri ko ana ruwa mai ƙarfi, bar ta a kashe gaba ɗaya. Kuma in barci ya fara fizgarka kar ka ce ai mota zata riƙe, faka a cikin gari ka wanke fuska.

In Allah Ya ƙaddara batir ya ƙare duk da haka, kar ka yarda a ɗaura mata igiya a ja, tayoyin na juya injin lantarkin kuma yana iya lalata shi. Janwe mai shimfiɗa zaka kira a ɗora ta gaba ɗaya, don haka ka nemi lambar mai irin wannan janwen ka ajiye a waya tun kafin ka wuce Kawo ko Kakau.